Wakili Amintacce: Bakin Waɗanda Suka Aike Ka

KARATU: Ayyukan Manzanni 15:1-4, 22-31; 2 Korintiyawa 8:18-21
AYAR HADDACEWA: Markus 10:45

GABATARWA

Giya ta rushe gidaje da yawa, har da gidajen masu bi. Wanda Allah ya taimake shi ya ajiye kwalba yana da tambaya a gabansa: me zai yi da ran da aka mayar masa? Darasinmu na yau ya ɗauko misali daga ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA, inda mashaya suke taimakon juna su daina sha. Za mu duba aikin mutum ɗaya a cikinta, wato wakilin ƙaramar ƙungiya.

YADDA AIKIN YA SAMO ASALI

AA ta fara a 1935 a garin Akron, jihar Ohio ta Amurka. Bill Wilson, dillalin hannun jari daga New York, ya je garin don kasuwanci, abin bai yiwu ba, sha'awar giya ta taso masa bayan watanni da daina sha. Maimakon ya shiga mashaya, sai ya nemi wani mashayi da zai yi wa magana. Aka haɗa shi da likita Bob Smith. Abin da su biyun suka gano shi ne, mai ƙoƙarin ɗaga ɗan'uwansa shi ma ƙafarsa takan tsaya.

Ƙungiyoyi suka yawaita, amma duk babbar shawara tana hannun waɗannan mutum biyu da 'yan amintattu. Da likita Bob ya kwanta ciwo, har ya rasu a 1950, sai tambaya ta fito fili: idan iyayen gida suka tafi, wa zai riƙe gidan? Aka yi babban taron hidima na farko a New York a 1951, kuma a 1955, a garin St. Louis, aka miƙa ragamar ga ƙungiyoyin kansu. AA ba ikilisiya ba ce, ba ta kuma ƙarƙashin wani addini, ko da yake ƙungiyoyinta da yawa suna haɗuwa a ɗakunan majami'u. Duk da haka tsarinta yana da abin koya mana.

AIKIN WAKILI

A Amurka da Kanada kowace ƙaramar ƙungiya tana zaɓen wakili ɗaya da mataimakinsa, na shekara 2. Ana so ya zama wanda ya yi shekara biyu ko uku bai ɗanɗana giya ba. Yana zuwa taron gunduma da taron yanki. Yankunan 93 ne, kowanne yana tura mutum ɗaya zuwa babban taro na shekara, kuma wakilan ƙananan ƙungiyoyi suna cikin masu zaɓensa.

Na farko, wakili yana saurare kafin ya tashi. Idan akwai batun da za a yanke, yakan kawo shi gaban 'yan ƙungiyarsa, a tattauna, a ji har da mai ƙaramar murya da wanda ya zo makon jiya hannunsa yana rawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da suka tsayar shi ne guzurin da zai tafi da shi, ko da ra'ayinsa dabam ne.

Na biyu, yana da 'yancin yin amfani da hankalinsa. Idan ya isa taro ya ji wani bayani da 'yan'uwansa ba su ji ba, zai iya jefa ƙuri'a bisa abin da lamirinsa ya nuna. Amma dole ya dawo ya faɗa musu abin da ya yi da dalilinsa.

Na uku, yana kawo rahoto cikakke, har da batun kuɗi. AA ba ta karɓar gudummawa daga waje, da abin da membobi suka saka a kwando take tafiya. Don haka masu bayarwa suna da haƙƙin sanin inda kuɗinsu ya shiga.

Na huɗu, idan shekara biyu ta cika, yana sauka ya ba wani. Mashayi ya san cewa girman kai ƙofa ce da kwalba take bi ta dawo. Kujerar da mutum ya manne mata za ta iya zama wata irin giya.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA

Da gardama ta tashi a Antakiya a kan kaciya, ikilisiya ce ta naɗa Bulus da Barnaba da waɗansu su tafi Urushalima. Can aka saurari Bitrus, aka saurari Bulus da Barnaba, Yakubu ya yi magana, aka rubuta wasiƙa. Lura da abin da ya biyo baya. Da suka dawo tare da Yahuza da Sila, sai suka tara jama'a suka miƙa wasiƙar, aka karanta, mutane suka yi murna. Aiken bai ƙare a Urushalima ba. Ya ƙare ne a gaban waɗanda suka yi aiken.

Haka kuma, da Bulus zai kai gudummawa ga tsarkaka, bai tafi shi kaɗai ba. Ya yarda ikilisiyoyi su zaɓi ɗan'uwan da zai raka kuɗin, don kada kowa ya sami abin zargi. Idan manzo ya yarda a sa masa ido, wane ne kai da za ka ji haushi don an tambaye ka lissafi?

A taron AA, bayan an jefa ƙuri'a, akan ba waɗanda suka sha kaye dama su sake magana, wani lokaci har a sake ƙuri'ar. Ruhu Mai Tsarki ba ya ƙidaya hannuwa kafin ya zaɓi bakin da zai yi magana.

GARE KA

Wataƙila Ubangiji ya cece ka daga burukutu ko ogogoro, kana jin ba ka isa a aike ka ba. Ka sani, wanda ya taɓa faɗuwa a rami shi ya fi sanin inda bakinsa yake. Idan 'yan'uwa masu fama da sha suka ce ka tsaya musu, kada ka ƙi saboda kunya. Wataƙila kuma zumuntar mata, ko ta matasa, ko ƙungiyar mawaƙa ce ta tura ki taron gunduma. Ki tafi da maganarsu, ki riƙe sirrin da suka ba ki, ki dawo da amsa.

TAMBAYOYI

1. Yaushe ka tambayi waɗanda kake wakilta ra'ayinsu kafin ka yi magana da sunansu?
2. Akwai rahoto ko lissafin da ake binka har yanzu?
3. Wa kake koya wa aikin da zai karɓe ka?

ADDU'A

Ya Uba, ka kakkarye sarƙar giya a gidajenmu. Ka ba ni kunnen saurare, da harshen gaskiya, da tawali'un sauka idan lokacina ya cika. Cikin sunan Yesu. Amin.