Wannan Igiyar ta Jirgin Sama Ce?

Tambaya: Na sayi abin sawa a kunne irin na matuƙa jirgi cikin kayan gwanjo a babbar kasuwar Maraɗi. Tare da shi akwai igiya mai ɗan maɓalli. Mene ne aikinta, kuma za ta shiga rediyona? Daga mai gyaran rediyo, Tibiri.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Ga dukkan alamu maɓallin magana ne, wanda matuƙi ke dannawa in zai kira hasumiyar filin jirgi.

Fara duba bakin igiyar. Ƙananan jirage kai biyu suke amfani da shi: mai kauri, milimita 6.35, na sauraro. Siririn, milimita 5.2, na magana. Kai ɗaya gajere mai kauri, U-174, na jirgi mai saukar ungulu ne. Mai fil 5 kuwa an fi ganinsa a jiragen Airbus.

Ko da bakin ya shiga, aiki bai tabbata ba. Makirfon ɗin daga jirgi yake samun wuta, kuma na soja ba ya jituwa da na farar hula. Kada ka yanke igiyar, kada ka tura ta da ƙarfi. Karanta lambar da ke jikinta, ka ɗauki hoto, ka nuna wa masu gyaran rediyon filin jirgin Maraɗi kafin ka jona.