Amsar Tambaya: Kada Ka Yi Wa Ƙafafun Kekenka Fenti

Ɗan'uwa, ƙafafun Skyway da aka yi yayinsu a kekunan BMX na Amurka a shekarun 1980 nailan ne haɗe da zaren gilashi. In sun koɗe, rana ce ta koɗar da samansu, shi ya sa wanki ya fi fenti. Cire taya da boris, ka wanke da ruwan ɗumi, sabulu da burushi mai laushi. In launin bai dawo ba, ka rina su a ruwan zafi, domin nailan yana shan rini sosai.

Wani zai ce fenti ya fi sauri. Haka ne, amma ƙafar tana lanƙwasawa, birki kuma yana gugar gefenta, don haka fentin ɓarewa zai yi. Bilic kuwa raunana nailan yake. In ka ga tsaga kusa da cibiyar ƙafar, don Allah kada ka hau keken.