Kada Fatarki Ta Riga Ki Tsufa

Ƴar'uwa, tsufa ba cuta ba ne. Duk wanda Allah ya ja kwanansa sai ya tsufa, kuma tamojin da ke fuskar kakarki abin girmamawa ne. Amma akwai tsufan da ke zuwa kafin lokacinsa. Sai ki ga mace ba ta cika shekara 30 ba, fuskarta ta bushe, ta yamutse, kumatunta sun yi baƙin tabo, kamar wadda ta ba 50 baya. A kan irin wannan tsufa za mu yi karatu yau. Za mu ga abin da ke kawo shi a nan ƙasarmu ta Damargu, da yadda za ki kare kanki ba tare da kin kashe kuɗi masu yawa ba.

Aikin fata

Fata ita ce rigar farko ta ɗan Adam. Tana tsare jiki daga ƙura da ƙwayoyin cuta. Tana hana ruwan jiki ƙafewa. In an yi zafi, ta fitar da gumi don jiki ya huce.

A can cikin fata akwai wasu zarurruka masu ƙarfi, kamar zaren saƙa. Likitoci na kiran su kolajan. Su ne ke riƙe fata ta tsaya sumul. In sun tsinke, sai fata ta saki, tamoji ya fito.

Akwai kuma abin da ke ba fatarmu launin baƙi. Sunansa melanin. Ki riƙe wannan suna da kyau. Melanin kamar inuwa yake, yana tare wani haske mai cutarwa da ke cikin hasken rana. Ido ba ya ganin wannan haske, amma shi ne babban mai tsinka zarurrukan fata. Dubi ƴan'uwanmu zabiya. Allah ya halicce su da melanin ɗan kaɗan ƙwarai. Shi ya sa rana ke ƙona su da sauri, har takan jawo musu ciwon daji na fata in ba su rufe jiki ba. Ashe ke nan baƙar fata garkuwa ce. Wadda ta fi duhun fata ta fi jinkirin yin tamoji.

Abokan gaban fata a Damargu

Tanut na arewa da Damagaram da kimanin kilomita 150, a kan hanyar Agadas. Daga Tanut har Belbeji, muna bakin hamada ne. Ruwan sama na wata 3 ne kawai, sauran shekara rani. To, ga abubuwa 4 da ke gajiyar da fatar mace a nan.

Na 1, rana. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Ke kuwa kina bakin rijiya, ga rijiyoyinmu da zurfi. Ko kina daji neman itace, ko kina gona, ko kina sussuka a fili. Baƙar fata na da garkuwa, amma garkuwar ba ta tare komai da komai ba.

Na 2, iskar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu busasshiyar iska na kwashe damshin fata. A lokacin ne leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi kaushi da faso.

Na 3, hayaƙi. Safe da yamma kina sunkuye a kan murhu, kina hura kara ko kashin shanu. Hayaƙin nan na cutar da ido da huhu, kuma yana sa fata saurin tsufa. Haka ma hayaƙin taba.

Na 4, rashin abinci mai gina jiki, da haihuwa kusa da kusa. Mai ciki da mai shayarwa suna ciyar da mutum biyu da jini ɗaya. In jini ya yi ƙaranci, a fuska ake fara gani.

Babban haɗari: man bilicin

Waɗannan abubuwa 4 tun kaka da kakanni muke zaune da su. Amma akwai na 5, wanda mace ke saye da kuɗinta. Shi ne man canza launin fata, wanda ake kira bilicin. Da can sai a birni ake ganin sa. Yanzu ranar kasuwa ana baza shi a tebur har cikin ƙauye, tare da turare da jan baki.

Mai talla zai ce miki: "Hajiya, wannan ba bilicin ba ne, gyaran fata ne kawai." Kada ki yarda da daɗin baki. Aikin irin wannan mai shi ne hana fata yin melanin. Wato yana yaye miki inuwar da Allah ya ba ki, ya bar ki tsirara a gaban ranar Damargu. Wata na farko za ki ga haske, ƙawaye su yaba. Bayan nan sai sakayya ta biyo.

Yawanci abubuwa 3 ake sawa a ciki.

Akwai haidirokinon. In aka daɗe ana shafa shi, sai kumatu da goshi da wuya su yi baƙin tabo mai kauri, wanda ya fi asalin fatar duhu. Wannan tabo da wuya ya fita.

Akwai magunguna masu ƙarfi dangin kotizon. Likita kan rubuta su don wasu cututtukan fata, a shafa na ƴan kwanaki a daina. In aka mai da su man kwalliya, sai fata ta yi siriri kamar takarda, jijiyoyi su fito, nankarwa ta tsattsaga jiki, ƙuraje da makero su samu wurin zama. Suna kuma ratsa fata su shiga jini, su jawo hawan jini da ciwon sukari. In mace ta ji rauni, ko aka yi mata aiki wajen haihuwa, ɗinkin kan yi wuyar kamawa.

Akwai zaiba, wato farin ruwan ƙarfen nan da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. Zaiba guba ce. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi. Tana isa ga ɗan da ke ciki, tana bin nono ta shiga jikin jariri. A garin Minamata na ƙasar Japan, a shekarar 1956, aka gano wata muguwar cuta da zaiba ta jawo wa mutanen da suka ci kifin da ta gurɓata. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar duniya a kan zaiba a 2013, kuma Nijar na cikinta. A 2023 ƙasashen suka amince a hana sa zaiba a kayan kwalliya baki ɗaya. Ƙasar Kodebuwa ta hana man bilicin tun 2015. Amma har yanzu yana shigowa kasuwanni ta ɓarauniyar hanya. Saboda haka, ƴar'uwa, mai gadin fatarki na farko ke ce. Hausawa sun ce, garin gyaran gira akan rasa ido.

Karatunki zai yi miki rana

Da, in kin sayi mai, hoton farar mace kawai kike gani a jikin kwali. Yanzu kin iya haɗa baƙi. Kafin ki biya kuɗi, juya kwalin ki duba ƙananan rubutun da ke baya. Ba da Hausa aka rubuta ba, amma za ki iya gane kalmomin in kin bi su harafi bayan harafi. Ga su:

hydroquinone
clobétasol
bétaméthasone
mercure
éclaircissant
whitening
lightening

In kin ga ɗaya daga ciki, ajiye musu kayansu. Ki sani kuma, wasu masu yin man ba sa rubuta gaskiyar abin da suka zuba. Mafi muni shi ne haɗin da ake ɗurawa a kwalba ko a ƙulla a leda, ba suna ba takarda. Duk man da aka ce zai sa ki fari cikin mako ɗaya ko biyu, ki guje shi. Araha ba ta ado.

In kin riga kin daɗe kina shafawa, kada kunya ta hana ki magana. Ɗauki kwalbar ki kai gidan likita. Mai dangin kotizon, in an bar shi farat ɗaya, fata kan yi ja, ta yi ƙaiƙayi da ƙuraje, sai mace ta tsorata ta koma masa. Ma'aikacin lafiya zai nuna miki yadda za ki rabu da shi sannu a hankali. Launinki zai dawo. Ki yi haƙuri da shi, naki ne.

Abin da za ki yi kullum

1. Nemi inuwa. Rana ta fi cutarwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma, wato daga hantsi zuwa la'asar. In da hali, ki yi ɗiban ruwa da itace da sassafe ko da yamma. Ki kai turmi gindin itace ko ƙarƙashin rumfa.

2. Rufe jiki. Ki jawo mayafi ya yi wa fuska inuwa. A gona ki ɗora malfa a kan kallabi. Malfa ba ta maza kaɗai ba ce. Makiyayanmu, Buzaye da Fulani, sun daɗe da sanin amfanin rufe kai da fuska a cikin rana da iska.

3. Yi wanka da hankali. Sabulun wanki na tufafi ne, ba na fuska ba, don yana kwashe maiƙon fata. Kada ki dirje fuska da soso mai kaushi. Baƙin fata ba dauɗa ba ne, dirza ba ta fitar da shi.

4. Shafa mai tun jiki na da damshi. Da kin fito wanka, kafin ki bushe sarai, ki shafa. Haka mai ke kulle ruwa a cikin fata. Man kaɗanya na da kyau, haka basilin fari wanda ba a haɗa shi da komai ba. Muna kuma da namu na gida, wato man aduwa. A fasa ƙwallon, a fitar da ƙwayar, a soya sama-sama, a daka, a dafa da ruwa, a kwashe man da ya taso. A Damagaram akwai masana'antar Sahara Sahel Foods da ke tatsar man aduwa tana sayarwa, kin ga itacen da ke bayan gidanki dukiya ne. Da dare ki wanke ƙafa, ki cika faso da mai. In fuskarki mai yawan maiƙo da ƙuraje ce, ki rage mai a fuska. Amma ki lura: waɗannan mayuka maganin bushewa ne, ba sa tare rana. Man tare rana daban yake, a farmasi ake samun sa, da lamba 30 ko 50 a jikinsa. Zabiya su suka fi kowa bukatarsa.

5. Rage hayaƙi. Ki yi girki inda iska ke wucewa, da busasshen itace. Ingantaccen murhu, na laka ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi, yana rage cin itace. Ƙarancin itace kuwa ƙarancin yawo ne a cikin rana.

6. Ci abin da ke gina fata. Tuwon hatsi da fura suna ba da ƙarfi, amma su kaɗai ba su isa ba. Ki haɗa da wake, gujjiya, nono, da ƙwai in ya samu. Ki yawaita ganye: zogale, kuka, rama, yakuwa. Garin ƴaƴan kuka da magarya da tumatir da lemun tsami suna da bitamin C, wanda jiki ke bukata don saƙa zarurrukan fata. Kabewa da karas da mangwaro suna ba jiki bitamin A. Ki sha ruwa mai tsabta, kada ki jira sai ƙishirwa ta galabaitar da ke.

7. Je awon ciki, ki sha ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ki. Ku yi shawara da maigida a kan ba da tazara tsakanin haihuwa, jikinki ya huta. Wasu masu ciki kan yi duhu a kumatu da goshi. Yawanci yakan ragu bayan haihuwa. Kada ki sa masa bilicin, ki dai kare shi daga rana.

Yaushe za ki ga likita?

Ba kowane tabo ne na tsufa ba. Ki hanzarta zuwa gidan likita in kin ga gyambon da ya ƙi warkewa, ko baƙin tabo a tafin ƙafa ko tafin hannu da ke ƙara girma. Haka in kin ga wuri ya yi haske a fata, kuma in an taɓa ba kya ji. Wannan kan zama farkon kuturta. Kuturta na warkewa, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta. In abin ya fi ƙarfin likitar ƙauye, za a tura ki asibitin gunduma, ko babban asibitin Damagaram.

Kalma ga maza da iyaye

Malam, kai ma da kake karanta wannan, da kai ake. Mata da yawa don maganar miji suke shiga bilicin, ko don tsoron kishiya. In kana yabon farar mace a gaban iyalinka, ka san abin da kake shukawa. Ke kuma uwar amarya, ki tambayi abin da ake shafa wa ɗiyarki kafin biki. Hasken mako ɗaya bai kai lafiyar shekara 40 ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin melanin a cikin fata?
2. Faɗi abubuwa 4 da ke gajiyar da fatar mace a Damargu.
3. Me ya sa ake shafa mai tun jiki na da damshi?
4. Wace illa zaiba ke yi wa mai ciki da jaririnta?
5. Wane tabo ne ya kamata a kai wa likita da sauri?

Aiki

Kwafi kalmomi 7 da ke cikin darasin nan a ƴar takarda. In kin koma gida, ki duba mayukan da ke ɗakinki, ki gwada rubutunsu da takardarki. Ranar karatu mai zuwa, kowace ta faɗa wa aji abin da ta gani.