Amsoshin Tambayoyinku: Zaɓen Ƙaramar Hukumar Tower Hamlets a Landan

Tambayar ta fito ne daga wani mai sauraro a Zariya, yana son sanin yadda ta kaya a zaɓen ƙaramar hukumar Tower Hamlets na shekarar 2022, da abin da ya sa aka yi ta maganarsa.

Tower Hamlets ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 32 na birnin Landan, tana gabashin birnin. A nan babban masallacin Gabashin Landan yake, a unguwar Whitechapel, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na mazaunanta Musulmi ne, akasarinsu 'yan asalin Bangaladesh. Kwashe shara, gidajen haya na hukuma, kula da tsofaffi da karɓar harajin gidaje duk aikinta ne. Tun 2010 jama'a ke zaɓen shugabanta kai tsaye.

An kaɗa ƙuri'a ranar 5 ga Mayu, 2022. Daga cikin kujerun kansila 45, jam'iyyar Aspire ta lashe 24, Labour ta samu 19, Conservative da Green kowacce ta tsira da ɗaya. Shekara huɗu kafin nan Labour ce ke riƙe da kujeru 42, wato dai ta sha mummunan kaye.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kujerar shugaban. Lutfur Rahman, jagoran Aspire, ya kayar da John Biggs na Labour. Shi Rahman ɗin ya riƙe kujerar daga 2010, amma a watan Afrilun 2015 kotun zaɓe ta soke nasararsa ta 2014 bisa laifin maguɗi, ta kuma hana shi tsayawa takara tsawon shekara biyar. Da wa'adin ya cika sai ya dawo, mutanen yankin suka sake ba shi kujerar. Ba kasafai ƙaramar jam'iyyar unguwa ke tumɓuke babbar jam'iyya haka a Landan ba, balle a shekarar da Labour ta ƙwace ƙananan hukumomin Westminster da Wandsworth da Barnet daga hannun Conservative. An dai soki Aspire saboda kansilolinta 24 duk maza ne.

'Yan ƙasashen Commonwealth da ke zaune a Birtaniya bisa ƙa'ida, har da 'yan Najeriya da Ghana da Kamaru, suna da damar kaɗa ƙuri'a a irin wannan zaɓe, muddin sun yi rajista.