Abin da Aka Rubuta, da Abin da Aka Gāda

Ya kai sabon mai bi, da kai mai neman sanin hanya, ga tambaya: masu hikima nawa ne suka zo daga gabas domin su yi wa Yesu sujada? Mutane da yawa za su amsa maka, su ce uku ne, sarakuna ne kuwa. Amma ka buɗe Bishara ta hannun Matta, sura 2, ka duba da kanka. Ba a faɗi yawansu ba, ba a ce da su sarakuna ba, ba a kuwa ambaci sunayensu ba. Kyautai ne aka lissafta guda uku: zinariya, da lubban, da mur. Daga nan ne mutane suka zaci masu kawowa ma uku ne.

Hakanan kuma zancen ranar haihuwar Ubangiji. Babu inda Littafi Mai Tsarki ya ce 25 ga Disamba ce. Shaida mafi daɗewa da ke nuna ana kiyaye wannan rana, daga birnin Roma take, ta shekarar 336. Har wa yau Ikilisiyar Armeniya tana yin idin a ran 6 ga Janairu, ta Habasha kuwa a ran 7. Itacen da ake yi wa ado a lokacin Kirsimati al'adar Jamus ce. Ta bazu a Ingila bayan da wata jarida ta buga hoton Sarauniya Victoria da iyalinta kewaye da shi a shekarar 1848. Manzanni ba su san shi ba.

Kada ka ce, To, waɗannan duka zunubi ke nan. A'a. Keɓe rana domin tunawa da zuwan Mai Ceto abu ne mai kyau. Laifin shi ne a ɗauki al'ada a ba ta matsayin umarnin Allah. Rashin sani ya fi dare duhu, ɓarnarsa kuwa iri biyu ce.

Ta fari, maƙwabcinka zai tambaye ka, Ina aka rubuta wannan? Kadan ka rantse masa da abin da ba ya cikin Littafin, ran da ya gane, zai yi shakkar sauran maganarka duka, har da ta gicciye da tashin matattu.

Ta biyu, za ka ɗora wa kanka da 'yan'uwa kayan da Allah bai ɗora ba. Wani yakan ci bashi domin sabuwar riga da naman idi, yana tsammani ibada ce. Wata gwauruwa kuma takan ƙi zuwa sujada saboda kunyar tsohon zanenta. A cikin Markus sura 7, Ubangiji ya tsauta wa Farisiyawa, gama da al'adarsu sun buɗe wa mutum hanyar ƙin taimakon uwa da uba, da sunan ya keɓe dukiyarsa ga Allah.

Me za ka yi fa? Ka auna kowace al'ada, ko ta Turawa ko ta kakanninka, da mudu ɗaya. Wadda Maganar Allah ta umarta, ka riƙe ta. Wadda ta hana, ka rabu da ita. Wadda ba ta ambata ba, kana da 'yanci a kanta, amma kada ka hukunta ɗan'uwanka dominta.

An yabi mutanen Biriya a cikin Ayyukan Manzanni sura 17, domin kowace rana suna bincika Littattafai su ga ko maganar Bulus haka take. Tun shekarar 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Kadan ba ka iya karatu ba tukuna, ka nemi mai karanta maka, ka kuwa ƙoƙarta ka koya, gama gani ya kori ji. A wannan mako ka karanta Matta sura 2 da Luka sura 2 tare da iyalinka. Ubangiji shi buɗe mana zukatanmu. Amin.