Yadda ake gane ƙwarƙwatar gaba

Idan zafin Afrilu ya sauka a Yamai, duk mai susa sai ya ɗora wa gumi laifi. Shi ya sa tsofaffin ma'aikatan jinya da na ga aikinsu a unguwar Dar es Salam ba sa fara duba jiki. Tambaya suke fara yi: ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare? Ana ganin ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa a ɗan kamfai? Wannan kashin ƙwaron ne.

Sai a ja labule, a sa safar hannu, a haska fitila. A nan gwani yake fita daban. Ƙwaron bai wuce milimita 2 ba, faffaɗa ne kamar ƙaguwa, yana lafewa a gindin gashi ya riƙe gam, har sabon hannu ya ɗauka ɓawon ƙurji ne. Gwani ba ya neman motsi, ƙwai yake nema. Ya kama silin gashi ɗaya, ya goga da farce. Amosani ko busasshen sabulu zai zame ya faɗi. Ƙwai kuwa yana nan liƙe, sai an ja shi har bakin gashin. Daga nan a leƙa hamata da ƙirji da gemu, har gashin ido. Matasan ma'aikatan yanzu sun fi saurin rubuta takardar magani, wannan haƙurin duban ya fara ƙaranci.

Mafi yawa ta kwanciya ake ɗaukarsa, kwaroron roba ma ba ya tare shi, jefi-jefi kuma ta zanen gado ko tawul. Don haka majo, wato babban ma'aikacin jinya, kan sassauta murya ya ce, “Malam, a kawo iyali su ma,” ya kuma sa a yi gwajin sauran cututtukan sanyi.

Maganin ba wuya. A shafa permethrin mai kashi 1 cikin 100, bayan minti 10 a wanke. A maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, domin ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe kenan. Tufafi da zannuwa a wanke da ruwan zafi, a bi da guga. Aski sunna ne, amma shi kaɗai ba ya gamawa da ƙwarin. Kananzir da maganin sauro kuwa ƙuna kawai suke bari. Idan a gashin ido suke, kada permethrin ya kusanci wurin, aikin likita ne.