Yadda Ake Saƙa Sirrin Sabon Makami a Ƙagaggen Labarin Yaƙi na Kimiyya

Kafin ka fara rubutu, ɗauki takarda ka jera duk wanda hannunsa zai taɓa makamin: mai zane, mai walda, direban da zai ɗauko kaya, matuƙin da zai harba shi a sararin samaniya. A gaban kowane suna, rubuta iyakar abin da aka faɗa masa. Ƙa'idar soja ita ce ba a gaya wa mutum sirri don girman muƙaminsa, sai in aikinsa ba zai yiwu ba sai da shi. Harry Truman yana mataimakin shugaban Amurka, amma ba a yi masa bayanin bam ɗin nukiliya ba sai bayan rasuwar shugaba Roosevelt a Afrilun 1945.

Daga nan sauka wurin ƙaramin ma'aikaci, domin a can labarin ya fi rai. A Oak Ridge da ke jihar Tennessee, 'yan mata sun riƙa zama a kan dogayen kujeru suna zura wa mita ido, allura ta karkace su murɗa maɓalli ta dawo. Ba su san yuraniyom suke tacewa ba sai da aka jefa bam a Hiroshima. Ba wa mai karatu irin wannan yarinya, da tambayar da take haɗiyewa kullum.

Mataki na uku shi marubuta suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan aikin: dole sirrin ya cuci wani. Janar Leslie Groves ya raba aikin Manhattan, wato aikin ƙera bam ɗin, gida-gida, kowa da ɗan guntunsa. Sai ga ma'aikatan Oak Ridge suna tara yuraniyom wuri guda ba su san haɗarin ba, har aka tura masanin kimiyya Richard Feynman ya yi musu bayani. Sojan ruwan Amurka sun fi haka ɗanɗana kuɗarsu. An ɓoye na'urar tayar da makamin ƙarƙashin ruwa na Mark 14, ba a gwada ta yadda ya kamata ba. Da yaƙi ya ɓarke, sai a harba ya wuce ta ƙarƙashin jirgin abokan gaba, ko ya daki jirgin ya ƙi fashewa, manya kuma suka ɗora laifin a kan masu harbi. Sai a 1943 aka kammala gyara. Ka nemi wanda zai biya irin wannan bashi a labarinka.

Sai ka buɗe wa sirrin kafa. Ba lallai ta ɗan leƙen asiri ba, ko da yake Klaus Fuchs ya miƙa wa Tarayyar Sobiyet bayanai daga cikin Los Alamos, inda ake ƙera bam ɗin. A 1944 Cleve Cartmill ya buga gajeren labari mai suna Deadline a mujallar Astounding, ya siffanta bam ɗin daga abin da kowa zai iya karantawa, har jami'an tsaro suka je suna tuhumar editan, John W. Campbell.

A ƙarshe yanke shawara: yaushe mai karatu zai sani? A Ender's Game na 1985, Orson Scott Card ya rufe jarumin da mai karatu tare, yaron yana zaton atisaye yake yi alhali yaƙin gaske yake jagoranta. In wannan hanya za ka bi, koma surorin farko ka binne alamu biyu ko uku waɗanda za a gane a karatu na biyu.